Garken da Ya Kwana a Gonar Hure

Ana shirin magariba Hure ta koma gona bayan garin Adabka don ta ɗauko laujen da ta manta. Geronta ya nuna, sai yanka. Tun rasuwar mijinta, shi ne abincinta da 'yarta Zinatu har wata damina.

A bakin saurar da ba ta noma bana ba ta tarar da wani tsoho da malafa da sanda, kamar makiyayi. Ya yi sallama, ta amsa.

"Ɗiyata, garkena ya gaji," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ki bari su kwana nan."

Wa ke ƙin garke a saura? Taki ne kyauta.

"Bismilla, Baba. A dai kula min da hatsi. Daga ina kunka fito?"

"Daga rairayi, can arewa da arewa. Da ɗai-ɗai suke, kowa na gudun ɗan'uwansa. Ciyawa ta ƙare, sunka matsu wuri guda, har launinsu ya sake. Kakanninsu ma teku sunka ƙetare."

Sai a lokacin Hure ta lura. Ba kukan saniya. Ba ƙarar kofato. Wani ƙarni ne kawai ke tashi, kamar na ɗanyen ganye da aka tattake.

Tsohon ya ɗaga sanda.

Jan yamma ya dushe. Wani shuuu ya taso, kamar ruwa a kan kwano.

Fara!

Ta juya don ta roƙi tsohon. Rigarsa na motsi. Gemunsa na motsi. Malafar ta faɗo ƙasa, babu kai a cikinta.

Ta kife da ciki, ta ja zane ta rufa. Ƙafafu masu ƙaya a wuyanta, a kunnenta, cikin hancinta. Ayar da ta fara karantawa ta maƙale. Ko'ina ƙaras, ƙaras, ƙaras.

Da rarrafe ta kai hanya, wani mai babur ya kwashe ta.

Da safe kara ne tsirara a gonar, ko zangarniya ɗaya babu. Hure ba ta yi kuka ba. Wallahi da ta yi, da ya fi mana sauƙi, mu maƙwabtanta. Ta zauna ƙofar ɗaki, a yi magana ta kalli mutum kawai.

Gari kuwa ya ɗau ƙamshin suya, kowa ya kwaso fara buhu-buhu. Zinatu ta kawo mata kwano guda, da gishiri da yaji.

"Inna, ko kaɗan ki taɓa."

Hure ta jawo kwanon. Ta ɗauki ɗaya, ta cire fiffiken, ta kai baki.

"Zauna mu ci," ta ce. "Hatsinmu ne."