Ina Gidan Yamusa?

Magdalene na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, amma hankalinta ba ya kan tiren. Tun safe take murmushi ita kaɗai, har kaji suka gane, suka matso suna yi mata sata ba ta ko kore su ba.

Gidan nasu yana Nyanya, bayan babbar tasha, inda ƙarar motoci ba ta yankewa. Ita kuwa zuciyarta tana can Rafin Kanya, wani ƙauye gaba da Karshi, inda saurayinta Yamusa ya gina mata ciki da falo a gefen gonarsa, ya shafa wa ƙofar shuɗin fenti saboda ta taɓa cewa tana son shuɗi. An kai gaisuwa, an sa biki bayan kaka. In ta lumshe ido har iskar rafin take ji a fuskarta.

"Magda! Shinkafar nan tamu ce ko ta kaji?" in ji mahaifiyarta, Mama Vivian, daga kicin.

Kafin ta amsa aka turo ƙofa da ƙarfi. Mahaifinta ne, Baba Dominic, dattijon ikilisiya, waya a hannunsa, fuskarsa ba walwala.

"Kun ji labari? Rafi ya tumbatsa a ƙauyensu Yamusa. Ruwa ya share rabin gari!"

Tiren ya suɓuce daga cinyarta.

"Yamusa fa, Daddy? Yamusa fa!"

"Yana da rai. Ba wanda ya mutu, mun gode wa Ubangiji. Amma gidan ya tafi, rumbu ya tafi, gonar doya ta zama yashi."

Ta durƙushe tana kuka tana godiya a lokaci guda. Ba ta lura da kallon da iyayenta suka yi wa juna ba.

Sai bayan 'yan kwanaki Baba ya kira ta falo. Ya daɗe yana goge gilashinsa kafin ya yi magana.

"Ba ƙin yaron nake yi ba, Magda. Amma ni na san aure ba rufi. A kango mahaifiyarki ta yi jegonki, buhu muka rataya a ƙofa, ruwa na zuba a kanki muna tarewa da roba. Na yi alkawari 'yata ba za ta ga irin wannan ba. In kaka ta yi ba shi da ɗaki, zan mayar musu da kayan gaisuwarsu."

"Haba Daddy! Laifinsa ne aka yi ambaliya?"

"Ba laifinsa ba ne. Ba kuma laifinki ba ne da za ki kwana a kan bencin coci."

Ta juya wurin mahaifiyarta da idanu cike da ƙwalla. Mama Vivian ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, "Ki yi haƙuri, ki yi addu'a. Kaka da sauran lokaci."

Ranar Lahadi bayan sujada, Justice, shugaban zumuntar matasa, ya tashi ya ce matasan ikilisiya za su riƙa zuwa Rafin Kanya kowace Asabar su taya mutane gini. Ikilisiya ta ba da kwanon rufi da katako, matasa za su ba da ƙarfinsu. Hannun Magdalene ne ya fara tashi. Baba ya kalle ta ta saman gilashi.

"Aikin Ubangiji ba na hana shi," ya ce a hanyar gida. "Amma aiki za ki je, ba zance ba."

Asabar da sassafe bas ta ɗebe su. Da suka wuce Karshi hazo na kwance a kan duwatsu kamar auduga, ciyawa ta yi kore shar, balbelu na bin shanu a fadama. Magdalene ta jingina kai da taga tana gina gidan a zuciyarta: ga inda za ta shuka zogale, ga inda za ta ɗaura igiyar shanya. Sai da bas ta tsaya mafarkin ya watse. Inda gidaje suke, sai tudun laka da tukwane a kife. Mata na zaune ƙarƙashin leda da jarirai. Rafin kuwa ya koma ƙarami, yana gudu a natse kamar bai taɓa yin komai ba.

Ta hango Yamusa yana tahowa, ya rame, wandonsa a naɗe, laka har gwiwa. Amma murmushin yana nan.

"Kin zo," ya ce.

"Da ka ɗauka ba zan zo ba?"

Ya kai ta inda ɗakinsu yake. Ba abin da ya rage sai tushen gini, da ƙofar nan shuɗiya da ya tsinto a maƙale cikin reshen kanya, ya jingine ta a jikin bishiya. Ta shafa ta da tafin hannu. Ya ɗauki kara ya zana a laka. "Wannan karon a kan tudu za mu yi. Taga a nan, ta kalli gabas, rana ta riƙa tashe ki."

Aka taru a gindin kanya don a san ta inda za a fara. Justice ya ce, "Ni a ganina gidan Brother Yamusa za mu fara. Wedding ya matso, kowa ya sani." Matasa suka yi shewa, Magdalene ta rufe fuska da gyale.

Yamusa ya miƙe. "Na gode, 'yan'uwa. Amma ni ina da ƙarfi, kuma ina da bencin coci. Inna Zulai ta tsufa, ga jikoki marayu, a ƙarƙashin leda suke. Matar Malam Mika'ilu mai shago haihuwa yau ko gobe. In na shiga ɗaki na bar su a waje, barci ba zai ɗauke ni ba. A bar nawa ya zo ƙarshe."

Magdalene ta dube shi, ba ta san ko alfahari take ji ba ko tsoro.

Haka aka fara. Maza na haƙa ƙasa, 'yan mata na ɗebo ruwa, kowa ya cire takalmi a shiga kwaɓa da ƙafa ana waƙoƙin yabo. 'Yan matan da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka koyi buga bulo, farce ya karye, ana dariya. Samarin Musulmi na ƙauyen suka shigo aka zama ɗaya. In ladan ya kira azahar, sai waƙa ta tsaya da kanta, a zauna a inuwa har su idar da salla, sannan Inna Zulai ta kawo kunu a sha tare. Da yamma, in rana ta yi ja a bayan duwatsu, Magdalene kan tsaya ta kalli sabbin katangu suna sheƙi, ta ji kamar a wata duniya take, wadda ba a taɓa yin faɗa a cikinta ba.

Ranar da aka gama ɗakin Inna Zulai ne abin ya faru. Magdalene ta sauko daga bas, ta ɗaga kai, sai ga ƙofarta shuɗiya a jikin ɗakin tsohuwar. Ta tsaya cak. Ta nemo Yamusa a bayan coci yana yanka katako.

"Har ƙofata, Yamusa? Har ita?"

"Magda, ba ta da ƙofa, kuma sanyi na shiga wa yaran—"

"Ni fa? Kowa kana tausayinsa ban da ni! Ka san abin da Daddy ya ce. Kullum a gida 'yan'uwa sai habaici, wai na samu mai gina wa mutane gida shi yana kwana a benci. Are you serious da auren nan kuwa?"

Ya ajiye zarto. Idanunsa suka yi ja.

"Wallahi ba daren da ba na tuna ki. Amma in na zama mutumin da zai iya wuce tsohuwa a cikin sanyi don ya yi aure, wata rana ke ma zan iya wuce ki. Ba irin mijin da nake so in zame miki ba ke nan."

Ta juya. Ta koma bas ta yi kuka har Nyanya. Da Asabar ta zagayo, ba ta je ƙauyen ba. A ɗaki ta wuni, Mama Vivian ta shigo ta zauna a bakin gado.

"Kin san me ya riƙe ni a kangon nan da babanki ke faɗa?" ta ce. "Ruwa na zuba, shi yake tsayawa a inda ke yoyo, ya bar mana busasshen wuri. Shi ruwan yake tunawa. Ni tsayuwar nake tunawa."

Asabar ta biyu, Magdalene ce ta fara shiga bas.

Damina ta janye, dawa ta nuna, gidaje suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Matar Malam Mika'ilu ta haihu a sabon ɗaki. Sai kwanon da ikilisiya ta bayar ya ƙare a kan gidan wata gwauruwa, na kusa da ƙarshe. Filin Yamusa a kan tudu yana nan fayau, ko bulo ɗaya babu.

Baba Dominic mutum ne mai magana ɗaya. Ya sa aka loda kayan gaisuwa a but ɗin mota, ya ce Magdalene da mahaifiyarta su shigo, a yi abin cikin mutunci. Duk hanya Magdalene na ta shessheƙa.

Bai taɓa zuwa ƙauyen ba tun bayan ruwan, don haka ya tsaya a gidan farko ya yi sallama. Inna Zulai ta fito tana dogara sanda.

"Inna, don Allah ina gidan Yamusa?"

"Gidan Yamusa? Ai ga shi kana tsaye a ƙofarsa. Shigo, ɗana."

Ya dubi ɗakin, ya dubi jikokin. "A'a, Inna, inda yake zaune nake nufi."

"Ni dai na san nan gidansa ne. Hannunsa ne a kowane bulo."

Ya ɗauka tsufa ne, ya yi gaba. A gida na biyu wani magidanci ya ce, "Nan ne, ranka ya daɗe, a kawo maka ruwa?" A na uku wata mata mai goyo ta shimfiɗa tabarma. "Gidan Yamusa ka zo, Baba." Tafiyarsa ta fara yin sanyi. Da ya isa shagon Malam Mika'ilu, ɗan kasuwar ya fito ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kai ne surukin namu? Mun ji abin da ya kawo ka, Baba. Kafin ka sauke kayan nan, zo ka gani."

Ya ja shi bayan masallaci. Bulo ne a jere, sahu-sahu, an rufe da zana, ga bandir ɗin kwano a jingine.

"Duk gidan da Yamusa ya gina, mutanen gidan sun buga masa bulo, kaɗan-kaɗan, a ɓoye. Da ya sani, da ya kwashe ya kai wa wani! Kwanon kuwa mu 'yan kasuwa muka haɗa. Jira muke ya sauko daga rufin gwauruwar can, mu yi masa gayya."

Baba ya ɗaga kai. Can nesa Yamusa na kan rufi yana buga ƙusa, rana na dukansa, bai ma san sun zo ba. Dattijon ya daɗe yana kallo. Ya cire gilashi ya goge ido.

"Vivian," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "ni ɗaki ɗaya na nema wa 'yata."

"Ga shi an ba ta gari," in ji Mama.

Aka kira Yamusa. Ya sauko da sauri, ya durƙusa, kansa a ƙasa. "Baba, na san lokaci ya cika. Ba ni da abin da zan nuna maka."

"Tashi, ɗana. Na gani." Baba ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa wa matarsa, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya sunkuya ya ɗauki bulo. "Ina tudun? Nuna mini."

"Daddy!" Magdalene ta rungume shi da bulon da komai, tana dariya hawaye na zuba. Mata suka rangaɗa guɗa, har tsuntsaye suka tashi daga kan kanya.

Ba a yi bikin a ranar da aka sa ba, sai da katanga ta bushe aka ɗora rufi, bayan Kirsimeti. Da aka fito daga coci, bas-bas na matasa suka rako amarya daga Nyanya, suka tarar da ƙauyen duka a bakin hanya. Inna Zulai ce ta riƙe hannunta har ɗaki, ta zaunar da ita, ta ce, "Kin yi haƙuri, 'yata. Allah ya ba ki sanyin zuciyar da kika ba mu."

Ku masu tasowa, ku duba da kyau. Ruwa na iya cinye gida da rumbu a yini ɗaya, amma ba ya cinye hali. In za ku zaɓi abokin zama, ku kalli yadda yake yi da mai rauni a ranar da shi ma ba shi da komai, don haka zai yi da ku. Iyaye kuma ku sassauta, tsoron wahalar da kuka sha kada ya rufe muku ido daga mutumin kirki. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa.