Duwatsun Baba Kura

Rana ta karkata bayan duwatsun Roni, awaki sun shige garke, Amna tana kwashe tuwo, sai dutse na farko ya faɗo kan kwanon ɗakin mijinta. Ta ce yaran unguwa ne. Na biyu ya sauka cikin tukunyar miya. Da ta tsamo shi sai ta gane shi: ɗaya ne daga duwatsun mijinta.

Mijinta, Baba Kura, shekara arba'in yana haƙar rijiya daga Gwiwa har Babura. Duk rijiyar da ya kai ga ruwa, sai ya ɗauko dutse ɗaya daga ƙasanta. Sittin da uku ya tara, jere a kan katanga, kowanne da mazauninsa, kuma shi kaɗai ya san rijiyar kowanne. Ya sha cewa zai faɗi yadda za a yi da su bayan ransa. Mutum ne mai "sai gobe", har shanyewar jiki ta riga goben, ta ɗauke masa baki.

Ranar Juma'a, kafin a fara jifan, iyali suka zauna shawara. Kashim, babban ɗansa, ya ce a raba wa jikoki abin tunawa. Aka kwashe su cikin buhu, aka cakuɗa. Tsoho yana kallo daga tabarma, hawaye na bin kuncinsa, aka ɗauka ciwo ne.

Magariba uku ana jifa, buhu kuwa a ɗaure. A ta huɗu Zara, autarsa, ta faɗi a bakin randa. Ta tashi da muryar da ba tata ba, mai amsa-kuwa kamar daga rami. Babu wanda ya san abin yi, Kashim mai shawara ma ya kasa ɗaga kai.

Aka ɗauko Malam Jalaluddeen daga Kazaure. Ya zauna, ya daɗe yana karatu, sannan ya ce, "Wane ne kai?"

"Mai rijiyar Gwiwa. Aron dutse na ba maigidan nan. Ya ce kafin ya mutu zai mayar."

"Za a mayar. Saki yarinyar."

"A wace rijiya? An cike ta, an yi gini a kai."

"To me kake so?"

"A sa dutsena a hannun wanda ya ɗauko. Shi zai kawo mini."

Amna ta fashe da kuka, don ta gane. Malam ya yi gardama, ya yi tayin sadaka, ya yi gargaɗi da azabar Allah. Muryar ta ce ko tsohon, ko yarinyar. Sai ga Baba Kura, wanda wata biyu bai motsa ba, ya buɗe tafin hannunsa.

Kashim ya riƙa sa masa duwatsun a hannu ɗaya bayan ɗaya. A na ashirin da bakwai yatsun suka rufe. Zara ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Kafin a kira isha'i tsoho ya cika, kuma da masu wanka suka buɗe hannun, babu komai ciki.

Bayan sadakar bakwai babu jikan da ya karɓi rabonsa. Zara ta zazzage buhun, ta ƙirga, ta dubi uwarta.

"Inna, saura sittin da biyu," ta ce. "Su kuma wa zai kai musu?"