Sadakar Shirwa a Kan Soro

Miyan Karam Ilahi babban ɗan kasuwar katako ne a Lahore. Yana da gida mai hawa uku, da wurin tara gungume a bakin kogin Ravi, da 'ya ɗaya mai suna Dilshad. Ɗa namiji ne ba shi da shi. Ya taɓa samu, Mumtaz, amma a shekarun da 'ya'yan masu hali suka fara sayen ƙananan jiragen sama na katako da zane, ɗaya ya faɗo da shi a bayan gari. Tun daga ranar ba a ambaton jirgi a gidan.

Ranar addu'ar shekara, Sarfaraz abokin marigayin, shi ma matuƙin jirgi, ya zo. Dilshad ta miƙo shayi ta bayan labule, labulen ya zame, suka haɗa ido, shayin ya tuntsure a kan takalminsa.

"Ki bar shi," in ji shi a hankali. "Da ma takalmin yana neman wanki."

Daga nan ƙanwarsa ta riƙa kai musu saƙo. Da manyansa suka zo neman aure, Miyan Karam ko zama bai bari sun yi ba.

"Matuƙin jirgi? Sama ta cinye mini ɗa, yanzu in ba ta suruki? Ku tashi!"

Latif, ɗan ƙanin Miyan Karam, lauya mai son Dilshad, ya gyara zama ya ce, "Ni dai ƙafata a ƙasa take, Baffa." Dilshad ta ce ita ko a ƙasa ko a sama ba ta son sa.

Wata rana saƙon Sarfaraz ya iso: "Hasken idona, gobe da hantsi zan yi tashina na ƙarshe. Daga nan na bar jirgi, wallahi, in sake zuwa gaban Abbanki."

Ta amsa: "Yaya Mumtaz ma sau ɗaya ya ce zai ƙara. Kada ka sake kirana hasken ido sai ka sauka."

A Lahore, wanda ya ji tsoron wata masifa yakan sayi nama ya jefa wa shirwa sadaka, don Allah ya kawar da ita. Da gari ya waye Dilshad ta aika wa mahauci, aka ciko mata tasa da huhu. Ta hau soro tana jefawa tana ambaton sunan Sarfaraz. Shirwa suka taru har suka rufe mata rana.

Shi kuwa bai gaya mata ba cewa zai yi abin da samarin filin jirgi suka saba, wato ya yi ƙasa-ƙasa a kan gidan budurwa ya sako mata fure. Ta ji rugugin injin, ta ɗaga kai, ta ga jirgin ya shigo tsakiyar tsuntsayen. Farfela ta tsage, gashin tsuntsu ya tashi. Jirgin ya karkata ya nufi kogi yana tangaɗi, har ya ɓace mata bayan gidaje.

A kan yashi ya kife, kusa da gungumen Miyan Karam. Tsohon ne ya riga ma'aikatansa isa, ya yage zanen da hannunsa ya jawo yaron. Ya sa aka ɗora shi a keken doki zuwa gidansa shi tsohon, aka kira mai ɗori, don ƙafar dama ta karye.

Dilshad ba ta jira an gama ba. Ta tsaya bayan labule.

"Mahaukaci! Wa ya aike ka kan gidajen mutane?"

"Fure na kawo miki, hasken idona."

"Fure? Sai ka bari mu kai maka shi kan kabari! Na ce kada ka kira ni haka."

"Ai na sauka."

"Wannan sauka ce? Buhun hatsi ma ya fi ka iya sauka."

Sarfaraz ya cije leɓe saboda zafin ɗori. "To wa ya tara shirwar Lahore kaf a kan soro ɗaya?"

"Ni ce! Don kai na yi, sakarai. Da na sani na dafa naman na ci abina."

Sai kuka ya ƙwace mata.

Latif ya ce, "Ka ji da kunnenka, Baffa. A kai shi gidansu a rufe maganar."

"Rufe mini baki!" Miyan Karam ya daka masa tsawa. Ya juya kan labule. "Ke kin tara tsuntsaye," ya juya kan gado, "kai kuma ka kai musu kanka. Marasa hankali biyu! Yanzu da wuta ta kama fa? Me zan gaya wa uwarka?"

Ya yi ta faɗa har muryarsa ta dushe. Ya zauna a bakin gadon yana kallon tafin hannunsa da wayar jikin jirgin ta yanka.

"Mumtaz ban same shi da rai ba," in ji shi. "Wannan da hannuna na ciro shi. Ba mai fitar mini da shi. Ka warke ka zo ka koyi auna katako, ka ji ni?"

"Na ji, Abbaji."

"Ban zama Abbanka ba tukuna, marar kunya."

Bayan damina aka ɗaura auren. Ango ya zo a kan farar goɗiya, sai da mutum biyu suka sauko da shi, ya shiga gida yana ɗingishi. Da za a tafi da amarya, Miyan Karam ya ɗora hannu a kan kowannensu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ya kuma ba ku hankali, don ba ku da shi."

Mutane suka amsa da amin suna dariya. Dilshad ba ta yi dariya ba, domin ta ji Abbanta bai ɗauke hannunsa daga kanta ba. A nan ta gane cewa duk faɗan da Abbanta yake yi, tsoro ne kada ya sake rasa wani.