Tsokar Kifin Fanna

A shekarar da tsada ta sa nama ya gagari talaka, Kassimu ya kai gero kasuwar Shanono, ya hango wata budurwa tana gyaran karfasa a rumfar mahaifinta. Ta ɗora wuƙa a gadon bayan kifin ta ja a hankali, tsoka ta rabu da ƙaya sumul. Ya tsaya baki buɗe har mai sayen geronsa ya gaji ya tafi.

Fanna ce, 'yar Malam Kolo, mutanen Barno da suka daɗe a garin. Ba a jima ba saƙonni suka fara kai-kawo.

"Tauraruwata, tun da na ga aikin hannunki nake yi wa Allah tasbihi."

"Manomina, hannun kawai ka gani?"

Amma da maganar aure ta taso, mahaifin Kassimu, Malam Dabo, ya ce sam. Ƙayar kifi ce ta maƙale wa ɗansa na fari, Nababa, yana ƙarami, ya rasu a hannunsa kafin a kai asibiti. Tun daga ranar ko ƙarnin kifi bai sake shiga gidan ba, balle 'yar masu kifi.

Da damina ta yi nisa, rumbu ya yi ƙasa, Inna Bilki, mahaifiyar Kassimu, ta kwanta ciwo. A asibiti aka ce sai ta samu abinci mai gina jiki, ga nama ba halinsa. Ita da kanta ta sa aka kira Fanna.

Fanna ta zo da kifi, ta durƙusa a tsakar gida, ta zare tsokar, ta shafa mata gishiri da citta da lemon tsami, ta soya da ɗan man gyaɗa. Malam Dabo yana tsaye yana kallo. Da ta gama ya karɓi kwanon, ya marmasa kifin da yatsunsa kaf yana laluben ƙaya. Bai samu ba. Ya yi bisimilla ya fara kaiwa bakinsa, hawaye na bin gemunsa, sannan ya zauna ya riƙa bai wa matarsa a baki.

"Ikon Allah," ya ce. "'Yata, ina ma kina nan a waccan shekarar."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Inna Bilki da ƙafarta ta tarbi amarya a zaure, Malam Dabo ya dafa kawunan ango da amarya ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai tsawon rai."