Hannun Hagun Zara

"To ka tahi ka gaya wa innarka ta nemo maka ƴar gidan da ba su da tsohuwa," in ji Zinariya, ta juya wa Mustafa baya.

Mustafa ya jingina da motar asibitin mishan da yake shofer ɗinta, ya bar ta ta huce. Shekara biyu yana zarya zuwa Galma saboda ita, ya san hushinta kamar na madara ne, da an sauke daga wuta ya kwanta. Amma yau abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Innarsa Takawa ta aiko daga Deule cewa ba za a kai gaisuwar aure ba, don ta ji labarin kakar yarinyar mayya ce.

Hajjo kuwa, kakar tata, baiwar Allah, ko kaza ba ta iya yankawa. Ita ta goyi Zinariya tun rasuwar uwarta. Shekara uku ke nan da mantuwa ta kama ta. Sai ta ci tuwo ta siɗe kwano, ta fita ƙofar gida ta ce tun jiya ba a ba ta komi ba. Sai ta shiga gidan maƙwabta ta ce nata ne, ta yi ta kiran sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa. Shi ke nan gari ya samu abin taunawa. Wasu su ce kurwar waɗanda ta ci take kira, wasu su ce aljani ne, wasu su ce hauka ce ta gado, wasu kuma su ce jikar ce ke horar ta da yunwa. Wannan na ƙarshe shi ya fi sa Zinariya kuka.

Da ta ɗan sauko, Mustafa ya tuna mata da abin da Madam Elizabet, nas ɗin asibitinsu, ta ce ranar da suka kai tsohuwar. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ne, ba a ɗaukarsa a kwano, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Abin da ya faru ɗazu shi yake gogewa, na da can kuwa ya daɗe bai taɓa shi ba.

"Ni na sani, kai ka sani... innarka hwa?"

"Zinariyata, ranar kasuwar Madawa zan kawo ta, ta gani da idonta."

Ya kuwa kawo ta. Takawa ta shigo da layu biyu ɗaure a damtse, ta zauna can bakin tabarma, gefen ƙofa, yadda in ta ɓaci za ta riga kowa fita. Zinariya ta durƙusa ta gaishe ta, ta ajiye ƙwaryar hura. Takawa ta amsa da hanci, ko kallon ludayin ba ta yi ba. Zinariya kuwa a ranta tana roƙon Allah ya sa yau Hajjo ta tashi da sauƙi.

Ina! Hajjo ta fito daga ɗaki da zane a karkace, ta dubi jikarta ta tambaye ta ko ɗiyar wa ce. Sannan ta juya ta ƙura wa baƙuwa ido. Ta matso, ta ƙara matsowa, sai fuskarta ta washe.

"Zara! Yaushe kika zo?"

Takawa ta zabura ta damƙe layarta, bakinta na rawa da addu'a. Zara sunan uwarta ne, wadda ta rasu tun tana goye. Ga mayya na kiran matattu a gabanta, da rana tsaka. Zinariya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, a ranta ta ce auren nan ya mutu.

Hajjo ba ta san ana yi ba. Ta zauna daram kusa da baƙuwar, ta ja ƙwarya ta tura mata, ta rage murya kamar mai tseguntawa.

"Sha mana. Har yanzu kunyar hannun hagun nan naki kike? Ɗauki ludayi da shi, babanki ba ya nan."

Takawa ta sandare. Ita bahaguwa ce. Ta sha ranƙwashi wurin goggonta kafin ta koyi ci da dama, har ta tsufa tana ɓoye abin, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata inda ta samo shi. A hankali ta tambayi Zinariya asalin tsohuwar. Zinariya ta ce an ce daga wajen Buza aka auro ta, tun kafin a haifi babanta.

Ashe a Deule, can ƙasar Buza, aka haifi Hajjo, katanga ɗaya da gidan su Zara. Tsohuwar da ba ta tuna ta karya kumallo sai ga ta tana zubo zance tiryan-tiryan. Ta faɗi yadda su biyu suke satar aduwa a gonar Maigari Isaka, da yadda Zara ta fasa tulu uku a damina ɗaya don tsabar tsalle, da yadda take rufe wushiryarta da hannu in za ta yi dariya. Takawa na saurare, hannunta a kan tata wushiryar, tana dariya hawaye na zuba. Shekara hamsin da ɗoriya ba ta san ko uwarta tana dariya ba.

Ta miƙa hannun hagu ta ɗauki ludayin, ta sha, ta ƙara. Zinariya ta dubi Mustafa da ke tsaye bakin zaure, ya kashe mata ido, ta harare shi don kada ta fashe da kuka.

Hajjo ta leƙa fuskar baƙuwarta, ta goge mata hawaye da bakin zane.

"Wa ya taɓa ki, Zara? Tashi ki wanke ido, an ce baƙi za su zo neman auren yarinyar ga."

"Sun zo, Inna," in ji Takawa. "Ga yaron can. Ke muke jira ki ba mu."

Hajjo ta kare ido da hannu, ta ƙare wa Mustafa kallo daga hula har takalmi.

"Wanga? Ai wanga mijina ne."

Ba wanda ya san ko wasan kaka da jika take yi ko mantuwar ce, aka dai kwashe da dariya gaba ɗaya. Hajjo ta jira suka gama, ta kamo hannun Zinariya ta riƙe gam.

"Ban san ɗiyar wa ce ba," ta ce, "amma kullum ita ke yi mini wanka. Na bar mata shi."