Gidan da Ya Ƙi Karɓar Wani Suna

Ranar da suka fara haɗuwa, ƙafarsa ce ta jawo masa. Dogo ya miƙe ta a ƙarƙashin tebur ya fizge wayar wuta, kwamfutar Auta ta ɗauke ɗif, aikin da ta sha wuya a kansa ya tafi.

"Kai wane irin mutum ne? An ba ka kujera, sai ka haɗa da ajin gaba ɗaya?"

"Yi haƙuri, 'yar'uwa."

"Haƙurin ne zai dawo min da aikina?"

Auta akwai zuciya, kowa a cibiyar koyon kwamfutar ya sani. Shi kuwa bawan Allah ya zauna ya sake buga mata komai, tana tsaye a kansa tana gyara masa da faɗa. Faɗan nan ne ya kwanta masa a rai, ita ma kafin ta ankara ta fara ajiye masa kujera.

Sai Malam ya kai su darasin fankshin, wato 'yan umarnin da za ka rubuta sau ɗaya ka yi ta kira suna maka aiki. Ya ce kowa ya zana gida da alamomin kibod: taurari su yi rufi, sanduna su yi bango, a bar gurbi a saman ƙofa wanda zai karɓi duk sunan da aka ba shi.

Dogo ya gama nasa, ya sa AUTA, ya ɗauki hoto ya tura mata.

"Masifaffiyata, ga gidanmu. Saura ki shigo."

"Rufin ya karkace. Amma na karɓa, Dogona."

Babanta ne bai karɓa ba. Tela ne, bakinsa kamar almakashinsa. Ya ce, "Ba na ba da 'yata ga mai danne-danne. Ya kawo min takardar gama karatu, sannan mu yi magana."

Ana cikin haka wata 'yar kujerar gaba, wadda ta daɗe tana yi wa Dogo fari da ido, ta roƙi aikinsa wai don ta gane darasi. Shi da ba ya iya cewa a'a, ya ba ta. Washegari ta miƙa wa Auta waya tana murmushi. Ga gidan nan, har karkataccen rufin, da sunan ita yarinyar a kan ƙofa.

Ran Auta ya ɓaci matuƙa. Ta tare shi a bakin aji.

"Wallahi ba ni na sa sunanta ba, Auta!"

"Na sani! Ni ma ɗaliba ce, kada ka raina min hankali. Abin da ya ƙona min rai, gidan da ka ce namu ne, kowace mace aka buga sunanta shiga take. Ashe 'yar haya ka ɗauke ni!"

"Haka fa Malam ya ce a rubuta."

"To ka je ka auri Malam."

Ta daina ɗaga wayarsa. Ya tura, "Rabin raina, ko zagi ne ki turo." Ta maida, "Ba ka kai ba."

Ranar jarrabawa aikin gidan nan aka sake kawowa. Malam ya zo kan na Dogo ya buga sunan kansa, AUTA ya fito. Ya buga wani, AUTA. Ya leƙa umarnin, sai ya ga yaron ya toshe gurbin, ya kafe suna ɗaya a ciki.

"Wannan wane irin shirme ne? Kai ne ka fi kowa iyawa!"

"Gidan na mutum ɗaya ne, Malam."

"To ka faɗi, sai ka maimaita!"

Ka zaci Auta za ta ji daɗi? Wuta ta ƙara kamawa. "Kana da hankali kuwa? Takardar da Baba yake jira ka zubar!" Tana faɗa tana kuka, don a ranar ta tabbatar tana sonsa.

Baba ya sa aka kira shi shago, ya hau shi da faɗa har keken ɗinkin makwabci ya tsaya. Da ya huce ya ce Auta ta bayyana masa abin da sakaran ya yi. Ta bayyana tana hararar Dogo.

Baba ya ajiye tef ɗinsa na awo. "Wato da gangan ka yanka rigar yadda ba za ta shigi kowa ba sai ita?"

"E, Baba."

"Wawanci ne. Amma irinsa nake nema wa 'yata. Ka koma ka ci jarrabawar, ka turo manyanka."

Ya maimaita, ya ci, aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Baba ya riƙe hannun angon da ƙarfi, idonsa ya yi ja.

"Ga ta nan, da zuciyarta da komai. Allah Ya yi muku albarka, Ya ƙara maka haƙuri, don wallahi za ka buƙace shi."

Daga cikin mayafi Auta ta ce, "Ina jin ku fa, Baba."