Hotonta a Mahaɗar Kasuwa

Ranar Litinin, uku ga watan Maris, aka fara zaluntar yarinyar nan a gidan aurenta. Ni na koya mata lissafi a sakandare kafin in ajiye alli, ni ce kuma na laƙaba mata Injiniya tun ba ta zama ba, don haka ina da bakin magana.

Da yammar ranar tana tsugune tana wanke kwanuka a gidan surukanta, inda take zaune da mijinta, Dogo, sai yayansa ya shigo ko sallama babu. Bai dube ta ba, wurin mahaifiyarsu ya nufa.

"Inna, kin ga surukarki a mahaɗar kasuwa? An kafa ta a allo kamar tallar sabulu. Maza sun kewaye ta, tana ta washe baki."

Inna ta ajiye tsintsiya. "Ke 'yar nan, gaskiya ne?"

"Inna, hoton wurin aiki ne. Manaja ya ce na cikin ofis ne kawai."

Ga yadda aka yi hoton. Shekara biyu tana kamfanin gina gadoji, ba a taɓa tura ta filin aiki ba. Aikinta fotokofin zanen wasu da kai wa baƙi shayi. Rana guda aka sa ta a mota, aka ara mata hular kwano, aka tsayar da ita gindin gada. Ana gama ɗauka aka karɓe hular. A ƙarƙashin hoton suka rubuta da manyan baƙaƙe: Muna alfahari da injiniyoyinmu mata. Ita kaɗai ce mace a kamfanin, in ban da mai shara.

Yayan Dogo ya yanke hukunci kamar shi ya aure ta. "Ko allon ya sauka, ko ita ta bar gidan nan. Abokaina har tambayata suke ko da lambar waya a ƙasa."

Dogo ya sunkuyar da kai. Wannan shirun ya fi maganar yayan yi mata ciwo.

Washegari ta sami manaja.

"Ranka ya daɗe, a sauke hoton nan, aurena yana rawa."

"Haba Injiniya, ke ce fuskar kamfani. Wasu kuɗi suke biya a kafa su."

"To a tura ni gadar, in yi aikin da hoton ya ce ina yi."

Ya yi dariya. "Babu takalmin aiki daidai ƙafarki, kuma doka ta hana shiga fili ba takalmi. Sori."

Allo bai sauka ba, sai ita ce ta koma gidan iyayenta da akwati ɗaya. A can na same ta, idanu sun kumbura.

"Malama, a gida ana hukunta ni don ina aiki cikin maza, a ofis kuma an hana ni aikin. Laifin wanne nake biya?"



Dogo ya ɗau lokaci kafin ya zo, kuma ban yafe masa wannan jinkirin ba. Amma da ya zo, da kwali a hammatarsa. Ya ajiye a gabanta, ya zauna a ƙasa.

"Na zagaye kasuwa, kowa ya ce ba a yin ƙaraminsa. Sai da na sa aka kawo daga wani gari. Gwada mu gani."

Takalmin aiki ne mai bakin ƙarfe. Ta zura ƙafa, ya zauna daram.

"Yayanka fa?" ta ce.

"Yaya yana da matarsa. Na kama mana ɗaki biyu a bayan asibiti."

Ta kai wa manaja takalmin har teburinsa. Sai ya ce ai babu banɗakin mata a filin. A nan ta gane ko da ƙafar ƙarfe ta zo, wani dalilin zai haifo. Ta ajiye aikin. Ta yi watanni tana nema, Dogo yana kai ta intabiyu a babur, har wani ƙaramin kamfanin magudanan ruwa ya ɗauke ta. Yanzu da laka take dawowa gida. Inna, surukar tata, ta ziyarce su, ta ga takalmin a bakin ƙofa, ta ɗauka ta kankare shi da kanta.

Mai haƙuri yakan dafa dutse, haka ne, kuma 'yan mata su riƙe wannan. Amma haƙurin wanda aka zalunta ba ya wanke azzalumi. Allon yana nan har yau, rana ta cinye launinsa, yana tallar matar da ba a taɓa bari ta taɓa gadar ba.

Don haka ina neman abu biyu. Yayan Dogo ya tsaya a tsakar gidan da ya ci mata mutunci, a gaban waɗanda suka ji, ya ba ta haƙuri. Kamfanin kuma ya sauke hoton, ya rubuta ban haƙurinsa a kan allon nan na mahaɗar kasuwa, da baƙaƙe masu girman waɗanda ya yi ƙaryar da su.